Make, just ko Task? Ku ba ni shawara kafin a fitar da sakamakon zango

ɗan_Mabera

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Shawara nake nema.

Mu uku ne muke kula da manhajar wata makaranta mai zaman kanta a nan Sakkwato. Django ce a baya, Postgres ke riƙe bayanai, sai ɗan Tailwind a fuska. Malamai su shigar da maki, mu kuma a ƙarshen zango mu fitar wa kowane aji takardun sakamako a PDF. Akwai kuma ƙaramar manhajar Android ta iyaye da muka soma da Kotlin, ba ta gama tsayuwa da ƙafarta ba tukuna.

Damuwata yadda muke tura sabon aiki zuwa saba, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta. Matakan duka suna cikin wani dogon saƙo da muka maƙala a gurup ɗinmu na WhatsApp: a jawo sabon kod daga git, a shigar da abin da ke cikin requirements.txt, a yi `npm run build`, a yi gwaji, a kwafi rumbun bayanai da `pg_dump`, sannan migrate (sabunta tsarin rumbun bayanai), collectstatic (tattara fayilolin kala da tsarin shafi), a sake tada gunicorn (manhajar da ke riƙe shafin a kunne). Duk wanda turawa ta faɗo kansa sai ya buɗe waya yana kwafowa layi-layi cikin taminal. Ranar da aka kawo wuta ƙarfe sha ɗayan dare, mutum na sauri kafin a sake ɗaukewa, layi ɗaya sai ya salwanta. Zangon da ya wuce collectstatic ne ya salwanta. Tun kafin in karya kumallo aka kira daga makaranta, wai shafi ya fito tsirara, ba kala ba tsari.

Sai na ce bari in tara matakan a Makefile, fayil ɗin da manhajar make ke karantawa ta gudanar da umarnin da ke ciki. Ga farkon abin da na rubuta:

```
gwaji:
    source .venv/bin/activate
    python manage.py test
```

Abu uku suka tare ni. A kwamfutata ya ce `missing separator. Stop.` ya tsaya cik. Abokina ya sake rubuta layukan da hannunsa a tasa, wannan kuskuren ya ɓace, amma sai ya ce bai san wani abu wai shi `source` ba. Na uku shi ya fi ɗaure min kai. Na rubuta ƙa'idar da ke mayar da fayil ɗin makin kowane aji zuwa PDF, wani lokaci ta yi lafiya, wani lokaci ya ce `Clock skew detected`, wani lokaci kuma ya ce babu abin yi alhali yanzu-yanzu na gyara makin. Laftof ɗina ɗan hannu ne, batirinsa ya mutu tuntuni, ana ɗauke wuta shi ma zai ɗauke. Ban sani ba ko da alaƙa.

Ƙari kuma, na ukunmu Windows yake amfani da ita, babu make a ciki sam. Wani ya ce mini in bar make, tsohon yayi ne, in koma just. Wani ya ce Task. Wani ya ce tunda da package.json a hannu, in zuba komai cikin scripts kawai. Sakamako ya kusa fita, ba ni da lokacin gwada kowanne. Wane zan kama?

---

Malam_na_Dundaye

Wa alaikumus salam ƙanena. Zauna in warware maka, don dukan ukun da sunka tare ka tsofaffin sanayya ne.

Na farko, Tab. Layin umarni a Makefile dole ya soma da harafin Tab, ba tazara huɗu ba. Editarka ce ke mayar da Tab tazara, ta abokinka ba ta yi. Wanga hali tun 1976 make ke ɗauke da shi, lokacin da Stuart Feldman ya rubuta shi a Bell Labs. Shi kansa daga baya ya ga abin bai yi kyau ba, amma lokacin wasu abokan aikinsa sun riga sun soma amfani da shi, bai so ya ɓata musu fayilolinsu ba, sai ya bar shi haka. Mu kuma munka gada. Ka saita editarka ta bar Tab yadda yake a Makefile, shi ke nan.

Na biyu, kowane layi a cikin ƙa'ida da sabon shel ake gudanar da shi, wato manhajar da ke karɓar umarni a taminal. Ko da `source` ya yi aiki a layin farko, kafin a kai na biyu an manta da shi. Haka `cd` ma. Kuma make da `/bin/sh` yake aiki, a Ubuntu kuwa dash ne a wurin, bai san `source` ba. Kada ka wahal da kanka da activate, kira Python ɗin kai tsaye:

```
PY = .venv/bin/python

.PHONY: gwaji
gwaji:
	$(PY) manage.py test
```

Wancan `.PHONY` kada ka bar shi. Make ya ɗauka duk sunan da ke gaban alamar ɗigo biyu sunan fayil ne da yake son ginawa. Ranar da wani cikinku ya buɗe folda mai suna gwaji, make zai duba ya ga tana nan, ya ce aiki ya kammala, bai gwada komai ba.

Na uku kuwa da alaƙa hwa, alaƙa ta kusa. Make ba ya buɗe fayil ya karanta abin da ke ciki. Lokacin da anka taɓa fayil na ƙarshe kawai yake dubawa. In fayil ɗin maki ya fi PDF sabunta, ya sake gini. In PDF ya fi sabunta, ya bar shi. Dabarar ke nan gaba ɗaya, kuma da ita ake gina kwayar Linux har yau. To kai babban batirinka ya mutu, kuma ina kyautata zaton ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a cikin allon kwamfutar shi ma ya mutu. Ana ɗauke wuta agogo ya koma baya da shekaru. Ka kunna, ba intanet balle ya gyara kansa, ka gyara maki, sai fayil ɗin ya ɗauki kwanan watan da ya daɗe da wucewa. Make ya duba ya ga PDF ya fi shi sabunta, ya ce babu abin yi. Fayilolin da ka taɓa lokacin da agogo ke daidai kuwa, a idonsa daga gobe sunka zo, shi ne yake maka kukan clock skew. Rubuta `date` a taminal bayan an ɗauke wuta an kawo, za ka gani da idonka. Batirin ɗan ƙarami ne mai kama da kwabo, yawanci CR2032, a laftof sau da yawa yana naɗe cikin leda da 'yar waya. Masu gyaran kwamfuta na canza shi cikin minti kaɗan, kuɗɗin ba su taka kara sun karya ba. Ka yi wanga kafin komai, don agogo in ya karkace ba make kaɗai ke ruɗewa ba: pip da git ma za su ƙi takardar shaidar shafukan HTTPS, su ce lokacinta bai yi ba.

Akwai wani rami da ba ka faɗa ba tukuna, kuma a garin nan sai ka faɗa shi. In ka danna Ctrl-C ana cikin gini, make na goge fayil ɗin da bai ƙarasa ba. In wuta ce ta ɗauke, ba ya samun damar. Rabin PDF zai zauna da sabon lokaci a jikinsa, gobe make ya gan shi ya ce lafiya lau, ku kai wa makaranta takarda rabi. Maganin shi ne a rubuta a wani suna, sai an gama a sauya:

```
.DELETE_ON_ERROR:

pdf/%.pdf: maki/%.csv samfuri.html
	$(PY) fitar.py $< $@.tmp
	mv $@.tmp $@
```

`$<` shi ne fayil na farko da ake dogara da shi, `$@` kuma abin da ake ginawa. Dubi abin da wagga ƙa'ida ta ba ka: an gyara makin JSS 2 kaɗai, PDF ɗin JSS 2 kaɗai za a sake. An taɓa samfuri, a sake na kowa. Ba ka rubuta `if` ko ɗaya ba. Wanda ya ce maka make tsohon yayi ne, ka ce ya nuna maka yadda zai yi wanga da npm run.

---

'yar_Arkilla

Malam barka da war haka. Na san za ka ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a kan PDF ɗin ban ja da kai ba. Amma ka tsallake yaron nan mai Windows. Git Bash ba ya zuwa da make. Sai dai ya sa ta Chocolatey ko Scoop ko MSYS2, ko ya koma WSL (Linux da ke gudana a cikin Windows), kuma ko ya sa, `mv` da `.venv/bin/python` ba haka suke a can ba, Windows a `.venv\Scripts` take ajiye Python. Makefile ɗaya ga mutum uku zai zama Makefile mai faci.

Ni a wurin aikina Task muke amfani da shi. Da Go aka rubuta shi, fayil ɗaya ne tak za ka sauke, yana tafiya a Linux da Windows da Mac, kuma da nasa mai fassara umarnin shel a cikinsa, ba ya jiran sai an sa bash. Ana rubuta ayyukan a Taskfile.yml. Abin da ya sa na kawo shi a nan musamman: in ka ba shi `sources` da `generates`, ba agogo yake dubawa ba, abin da ke cikin fayil yake lissafawa ya ajiye a wata folda `.task`. Ko agogonka ya ce muna 2010 ne, in maki ya canza zai gane. Illarsa YAML ce, tazara ɗaya ta kauce ka sha kallo, kuma irin ƙa'idar nan ta `%` da Malam ya nuna ba ta fita da kyau haka a cikinsa.

just kuma wani abu ne daban. Da Rust aka rubuta shi, kamanninsa na Makefile ne, amma ba ya gini, ba ya duba ko fayil ya tsufa. Umarni kawai yake gudanarwa. Ya yarda da tazara, ba ruwansa da `.PHONY`, yana karɓar ƙarin bayani kai tsaye kamar `just pdf jss2`, kuma `just --list` zai jero maka duk ayyukan da bayaninsu. Don maye gurbin saƙon WhatsApp ɗin nan naku ya wadatar. A Windows dai sai an nuna masa shel ɗin da zai yi amfani da shi, in ba a sa sh ba.

Amma ƙanena, abin da ba ka tambaya ba shi zai fi cin ku: data. Tunda kun soma Android, kun shiga hannun Gradle, shi Android Studio ke gini da shi tun 2013. `./gradlew` na farko zai sauke Gradle ɗin kansa, sama da megabait 100, kafin ma ya soma jawo laburare. Kada kowannenku ya saya da kuɗinsa. Mutum ɗaya ya gina a inda intanet ke da ƙarfi, a kwafi foldar `.gradle` da ke gidan mai amfani a filas, sauran su zuba a nasu, sannan:

```
./gradlew assembleDebug --offline
```

Python ma haka. `pip download -r requirements.txt -d wheels` sau ɗaya, daga nan `pip install --no-index --find-links wheels -r requirements.txt` ba ya taɓa intanet. Ku lura dai, wasu fakitin na Linux daban na Windows daban, mai Windows sai ya sauke nasa. A npm kuma `npm ci --prefer-offline` zai fara duba abin da ya taɓa saukewa. Duk waɗannan dogayen umarnin ba wanda zai haddace su, shi ya sa ake son fayil ɗin tun farko. Ku ba su gajerun sunaye a ciki.

Sai zafi. Watan Afrilu a garin nan ana haura digiri 40, laftof ɗan hannu kuma fankarsa ta sha ƙurar hunturu. Gradle in ka sake shi zai kama duk ƙwaƙwalwar injin lokaci ɗaya, ka ji fanka na kuka, can sai kwamfuta ta kashe kanta. Ka sa `org.gradle.workers.max=2` a gradle.properties. In ka gama aiki ka yi `./gradlew --stop`, don yana barin wani ɗan aike a baya yana riƙe da RAM ko ka rufe taminal.

---

mai_PHP_Gawon_Nama

Ni fa ban ga abin dogon zance ba. Matakai takwas ne a jere, kowanne bayan ɗan uwansa. Fayil ɗaya `tura.sh`, a saman ka sa `set -euo pipefail` don in mataki ɗaya ya faɗi kada a wuce gaba, ka jera umarnin, ka sa shi a git. Ba abin saukewa, ba sabon yare. Sabarku Linux ce, a can za a gudanar da shi ta ssh, to Windows ɗin wani ta shafe ku da me? Scripts na package.json kam kada ka soma, aikin Python ne da ku, JSON kuma ko sharhi ba ya karɓa. Layi ɗaya mai && guda bakwai ba mai iya karanta shi bayan wata biyu.

---

Malam_na_Dundaye

Mai PHP ya yi gaskiya a kan turawa, kuma ya tuna mini abin da na so in ja kunne a kai. Masu sabon hannu na rubuta haka:

```
tura: gwaji ajiya migrate
```

suna zaton jerin ne, daga hagu zuwa dama (ajiya ita ce kwafar rumbun bayanai da `pg_dump`). In ba a sa `-j` ba, wato zaɓin da ke sa make yin ayyuka da yawa lokaci guda, haka yake tahiya. Ranar da wani ya ji an ce `make -j4` na da sauri ya gwada, make na da ikon tada ukun lokaci guda, sai migrate ya taɓa rumbun bayanai ajiya ba ta ƙare ba. In abu dole sai wani ya riga shi, ka rubuta a fili: `migrate: ajiya`, `ajiya: gwaji`. Ko kuma ka bar turawa a cikin `tura.sh` yadda ya ce, make ya kira shi kawai. `-j` ɗin ka ajiye wa PDF, can ne yake da amfani, ajujuwa ba su jiran juna.

'Yar Arkilla, na karɓi maganar Windows. Amma yaron ya sa WSL ya huta, tunda abin da yake rubutawa a Linux zai zauna. Abu ɗaya zai kiyaye: in ya buɗe `tura.sh` a editar Windows ta sauya ƙarshen layuka zuwa CRLF, bash zai yi ta kuka da `\r`. Ku sa `*.sh text eol=lf` a .gitattributes tun yau.

CMake da Ninja da Bazel kuwa in wani ya kawo muku su ku ce Allah ya ba da lada. CMake na masu C da C++ ne, shi ke rubuta wa make ko Ninja fayil ɗin gini. Ninja don gina Chrome anka yi shi. Bazel Google ta sake shi a 2015 don rumbun kod mai girman gaske. Ku mutum uku ne da makaranta ɗaya.

---

'yar_Arkilla

WSL a laftof mai RAM gigabait 4, ga Android Studio a buɗe? Malam ka tausaya masa. Ƙanena tambaye shi nawa ne a injinsa kafin ku yanke.

---

ɗan_Mabera

Allah ya saka da alheri, Malam, Yaya, da mai PHP.

Malam, zatonka ya tabbata. An ɗauke wuta da azahar, da aka kawo na rubuta `date` kafin in kunna hotspot, shekarar da ya nuna ko sakandare ban gama ba lokacin. Na kai shi wurin mai gyara, ya buɗe, batirin agogon na nan naɗe cikin baƙar leda kamar yadda ka ce. Ya canza, ya kuma busa min fankar, ƙurar da ta fito sai da muka koma gefe. Na goge foldar pdf gaba ɗaya na sake gini don kada wani mai tsohon kwanan wata ya ɓuya a ciki.

Ga yadda muka raba abin. Turawa ta koma `tura.sh` da `set -euo pipefail`, yana zaune a git, a saba ake gudanar da shi, kuma `pg_dump` ne layin da ke gaban migrate, in bai yi ba babu abin da zai biyo baya. PDF na bar wa make da ƙa'idar `.tmp` ɗin nan. Na gwada ta da gangan, na zare waya daga soket ana tsakiyar gini, da na kunna sai na tarar da `jss3.pdf.tmp` a yashe, make kuma ya sake na JSS 3 ya ci gaba daga nan bai taɓa waɗanda suka gama ba. Wannan kaɗai ya biya ni wahalar Tab.

Yaya, gigabait 4 ne a injinsa, kin canka. Ba zai sa WSL ba. Tunda shi Android ya fi riƙewa, Gradle ya ishe shi, kuma mun kwafa masa `.gradle` a filas, `--offline` ya gina ba tare da ya ci masa ko megabait ɗaya ba. Ƙananan ayyukan yau da kullum da mu uku muke yi, gwaji da tada saba ta gida da shigar da fakiti daga wheels, su ne nake tunanin sa wa a Taskfile bayan an raba sakamako, yanzu ba na son taɓa abu biyu lokaci ɗaya.

Saura abu ɗaya. Makin ba a CSV malamai ke shigar da shi ba, a Postgres yake, ni ke fitar da CSV ɗin da wani umarnin manage.py. Duk sanda na gudanar da shi yana sake rubuta fayil ɗin kowane aji, ko an canza ko ba a canza ba, sai make ya ga duka sababbi ne ya sake PDF na makaranta gaba ɗaya. Malam, akwai hanyar da zan hana shi taɓa wanda bai canza ba?

---

Malam_na_Dundaye

Akwai, kuma gajeruwa ce. Umarnin naka ya rubuta a `jss2.csv.sabo`, sannan:

```
cmp -s jss2.csv.sabo jss2.csv && rm jss2.csv.sabo || mv jss2.csv.sabo jss2.csv
```

In iri ɗaya ne a jefar da sabon, tsohon ya zauna da tsohon lokacinsa, make ya wuce shi. In sun bambanta a sauya. Ka tabbata dai tambayar da kake yi wa Postgres tana da `ORDER BY`, in ba haka ba jerin ɗalibai na iya sauyawa ba a taɓa maki ba, cmp ya ce an canza. Kuma kada ka buga kwanan watan fitarwa a cikin CSV ɗin, ka bar shi sai a PDF.